Jinyar Zantawa: Amfaninta, Yadda Ake Gudanar da Ita, da Yadda Za Ka Ci Moriyarta

Akwai maganar da marasa lafiya da yawa suka sha ji a ɗakin likita: "Gwajinka duk lafiya lau, ka dai rage tunani." Mutumin ya zo ne da zafin kai, faɗuwar gaba, nauyin ƙirji, da wani abu da yake ji yana masa yawo a jiki, ga barci ya ƙaurace masa. An auna jini babu zazzaɓin cizon sauro, ya sha maganin taifot sau biyu, ya sha na olsa, hawan jini ma babu. Likita bai yi ƙarya ba da ya ce tunani ne, sai dai bai samu sararin faɗa masa yadda ake rage tunanin ba, domin layi na jiransa a waje. Wannan giɓin jinyar zantawa take cikewa. Zama ne tsakanin mai damuwa da ƙwararren da aka horar, a lokaci tsayayye, da buri takamaimai da su biyun suka amince a kansa, har mutum ya koyi dabarun da zai riƙa sarrafa tunaninsa da tsoronsa da kansa.

Ta bambanta da nasiha. Nasiha muna da ita a wadace: wurin iyaye, wurin malam, a majalisa bayan la'asar. Mai nasiha yana gaya maka abin da ya kamata: yi haƙuri, bar wa Allah, cire abin a ranka. Mai ciwon damuwa ya san duk wannan, shi ma yana nanata wa kansa dare da rana. Aikatawar ce ta gagare shi. Ƙwararre ba ya fara da "ya kamata". Yana fara da tambaya: yaushe abin ya soma, me ke tayar da shi, me kake yi idan ya taso, kuma me wannan abin da kake yi yake jawowa gobe. Daga amsoshin ne ake gano zaren da ke riƙe da ciwon, sannan a san inda za a yanke.

Matsalolin da aka fi kaiwa

Na farko ciwon damuwa: ƙuncin rai ko rashin jin daɗin komai kusan kullum har tsawon mako biyu ko fiye, tare da kasala, rikicewar barci ko cin abinci, ganin kai ba a bakin komai ba, da kasa tattara hankali. Sai zullumin da ba ya tsayawa a kan abu ɗaya, wanda ke ɗaukar watanni. Sai firgicin da ke aukowa farat ɗaya, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, mutum ya ɗauka ajali ne ya zo. Sai waswasi, irin na mai maimaita alwala sau bakwai ko komawa duba ƙofa sau goma. Sai tabon da tashin hankali ke bari bayan hari, garkuwa, fyaɗe ko haɗarin mota, idan ya wuce wata ɗaya bai lafa ba. Akwai kuma jimamin rashi da ya ƙi sakin mutum, damuwar jego, rikicin aure, shaye-shaye, da nauyin zama da ciwo mai daɗewa kamar sikila, ciwon suga ko yoyon fitsari.

Akwai inda zantawa kaɗai ba ta isa. Wanda ke jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya haƙiƙance ana bibiyarsa ba tare da hujja ba, ko ya kwana uku bai rintsa ba kuma bai gaji ba yana ta surutu da rabon dukiya, magani yake buƙata tukuna. Zantawa ta biyo baya.

Wa za ka gani, kuma a ina

Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne da ya ƙara ƙwarewa a wannan fanni. Shi ke tantance ciwo ya rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti ba ya rubuta magani, amma shi ne ya fi zurfin horo a jinyar zantawa da gwaje-gwajen tunani. Akwai nas-nas na sashen ƙwaƙwalwa, da ma'aikatan walwala masu shiga tsakanin majinyaci da iyali ko wurin aiki, da masu ba da shawara da ake samu a makarantu da cibiyoyin daina shaye-shaye.

A arewacin Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Akwai na Dawanau a Kano, da sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello. A Nijar, Asibitin Ƙasa na Yamai yana da nasa sashen. Hanya mafi sauƙi ita ce ka yanki kati ka ga likita na yau da kullum, ka nemi ya tura ka. Wannan yana da fa'ida ta biyu: ƙarancin jini, matsalar maƙoƙo, ciwon suga da wasu magunguna suna iya kwaikwayon damuwa ko zullumi, gara a kawar da su tun farko. Sunan "asibitin mahaukata" da ake kira yana hana mutane da yawa zuwa, alhali akasarin masu zuwa da ƙafarsu suke shiga, su ga ƙwararre, su koma gida ko kasuwa a ranar. Tun Janairun 2023 kuma Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majinyaci na sirri da na neman yardarsa kafin a yi masa jinya.

Zama na farko

Ka taho da duk abin da kake sha a leda: na asibiti, na kemis, na gargajiya, har maganin barcin da maƙwabci ya ba ka. Ka taho da takardun gwaji. Kafin ka fito, rubuta abubuwa uku da suka fi damunka da lokacin da kowanne ya fara, domin da yawa idan sun zauna sai kansu ya ɗaure. Zaman yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya, kuma yawancinsa tambayoyi ne: barci, abinci, aiki, aure, yara, bashi, rashin da aka yi, abin da ake sha, ko wani a dangi ya taɓa irin wannan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ɓoye cewa yana shan tiramadol ko kodin ya sa an yi lissafi a kan ƙarya, jinyar kuma za ta karkace.

Sau da yawa za a yi amfani da ma'auni. Wanda aka fi sani na damuwa shi ne PHQ-9: tambayoyi tara a kan mako biyun da suka wuce, kowace da maki 0 zuwa 3, jimla 27. Daga 5 damuwa ce mai sauƙi, daga 10 matsakaiciya, daga 15 ta fara tsanani, daga 20 mai tsanani. Na zullumi GAD-7 ne, tambayoyi bakwai, jimla 21. Makin ba hukunci ba ne, kamar awon hawan jini yake. Amfaninsa shi ne a maimaita bayan makonni a ga ko lambar na sauka. Ka tambayi makinka ka rubuta.

Za a tambaye ka kai tsaye ko ka taɓa tunanin kashe kanka. Kowa ake tambaya, kuma tambayar ba ta saka wa mutum tunanin da ba shi da shi. Wanda ke ɗauke da shi a ɓoye ma sauƙi yake ji idan ya samu wanda ya saurara bai zabura ba, bai kuma hau shi da wa'azi ba.

Abin da ka faɗa sirri ne, sai a wurare kaɗan: idan ranka ko na wani yana cikin haɗari, idan ana cutar da yaro, ko kotu ta ba da umarni. Ƙwararren kirki da kansa zai bayyana wannan tun kafin ka fara. A wurinmu mutum ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba. Miji, uwa ko yaya sukan rako, kuma bayaninsu na da amfani. Amma idan mace ce ke, ki nemi ko minti goma sha biyar ke kaɗai, domin matar da matsalarta uwar miji ce ba za ta buɗe baki a gaban ɗanta ba. Macen da ba ta son keɓewa da namiji tana da damar neman ƙwararriya, ko a zaunar da nas mace a ɗakin.

Kai ma kana da tambayoyi huɗu kafin ka tashi: me kuke ganin yana damuna, wace hanya za mu bi, zama nawa ake hasashe, kuma ta yaya za mu san tana aiki. Wanda ya kasa amsa su bayan zama biyu, akwai alamar tambaya a kansa. A 1979 wani masani, Edward Bordin, ya tattara abin da ke riƙe jinya zuwa uku: yarjejeniya a kan buri, yarjejeniya a kan aikin da za a yi, da amincin da ke tsakanin mutanen biyu. Burin kuwa dole ya zama abin da ake iya gani. "Ina so in samu sauƙi" ba buri ba ne. "In koma shago kwana huɗu a mako kafin ƙarshen wata" shi ne buri.

Ainihin aikin

Hanyar da aka fi bincika ita ce wadda ake kira CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likita Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960. Takan ɗauki zama 6 zuwa 20, sau ɗaya a mako. Tushenta shi ne tunani, yanayin zuciya, jiki da aiki suna juya juna kamar jigida. A ce tela ne ya ɓata ɗinkin wata a jajibirin salla ta zazzage shi a gaban jama'a. Ya ce a ransa "na gama yawo, kowa ya san ban iya ba". Ransa ya ɓaci, jikinsa ya mutu, ya ƙi buɗe shago kwana uku. Masu kawo ɗinki suka ga ƙofa a rufe suka wuce gaba. Kuɗi suka yanke, sai tunanin farko ya samu hujja. Ba kuskuren ɗinkin ne ke riƙe da shi yanzu ba, rufe shagon ne.

Saboda haka ga mai damuwa akan fara da aiki kafin tunani. Mako na farko zai rubuta abin da yake yi awa-awa da yadda yake ji daga 0 zuwa 10. Daga nan a zaɓi abu biyu ko uku ƙanana da ya daina, a sa musu rana da lokaci: sallar magariba a masallaci ran Litinin da Alhamis, tafiyar minti goma bayan asuba, buɗe shago awa ɗaya ko da ba zai taɓa keke ba. Ƙa'idar ita ce a bi jadawali, ba a jira sai an ji sha'awa ba, domin a wannan ciwo sha'awa bayan aiki take zuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar babban kaya: mutum ya ce daga gobe zai koma aiki safe zuwa dare, ya kasa a rana ta biyu, ya ƙara tsanar kansa. Idan aikin ya gagara sau biyu, a raba shi biyu.

Sai takardar tunani. Ja layi huɗu a littafi ka samu gida biyar. Na ɗaya, abin da ya faru, a taƙaice kamar mai ba da shaida: "Na gaida Alhaji bai amsa ba." Na biyu, abin da ya zo maka a rai a lokacin: "Ya raina ni saboda bashin da yake bina." Na uku, yadda ka ji da ƙarfinsa: kunya, 8 cikin 10. Na huɗu, hujja ta ɓangare biyu, abin da ke goyon bayan tunanin da abin da ke karya shi: waya ce a kunnensa, jiya ya amsa, bai taɓa tayar da zancen kuɗin ba. Na biyar, magana madaidaiciya da ka yarda da ita, sannan ka sake auna kunyar. Ba a neman ka yaudari kanka da "komai lafiya". Idan bashin gaskiya ne, yana nan. Ana neman raba abin da ya tabbata da abin da zuciya ta ƙara. Bayan mako biyu ko uku mutum zai ga irin tarkon da ya saba faɗawa: karanta zuciyar mutane, hango mafi munin ƙarshe, ko "kullum" da "ban taɓa ba". Wanda bai iya rubutun boko ba ya yi da ajami, ko ya naɗi muryarsa a waya.

Tsoro kuma da tunkara ake maganinsa. Gudun abin tsoro yana kawo sauƙi nan take, kuma wannan sauƙin ne ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa gudun ne ya cece ta, sai tsoron ya ƙara ƙarfi. A ce mace ce ta daina shiga mota bayan haɗari. Za a gina mata tsani mai hawa takwas zuwa goma, kowane da makin tsoro: tsayawa kusa da mota a ajiye, 3, zama a ciki injin a kashe, 4, injin a kunne, 5, zagaya unguwa, 6, har zuwa babban titi, 10. Ana farawa daga 3 ko 4, a zauna a cikin yanayin har tsoron ya sauka kamar rabi, abin da kan ɗauki minti 20 zuwa 45, a maimaita kusan kullum kafin a hau na gaba. Abu uku ke lalata wannan aiki: fita tun tsoro na kan ganiyarsa, tsallake hawa don gaggawa, da dabarun ɓoye kamar rufe ido ko shan ƙwaya kafin a shiga, domin sai ƙwaƙwalwa ta jingina tsirar ga ƙwayar. Haka ake yi wa mai waswasi: alwala ɗaya, sannan ya zauna da rashin natsuwar bai maimaita ba. A nan iyali su kiyaye, duk lokacin da suka amsa masa "e, ka wanke, na gani" ciwon suke ciyarwa.

Firgici yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma ya sauka da kansa. Jiri da tsikarin yatsu da ke tare da shi daga saurin numfashi suke, wanda ke fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima. Ana koyar da numfashin ciki: hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, a ja ta hanci ana ƙirga uku har ciki ya taso, a saki a hankali ana ƙirga uku, wato numfashi goma zuwa goma sha biyu a minti. A yi atisayensa minti biyar sau biyu a rana lokacin da ake cikin natsuwa. Wanda ya bari sai firgici ya zo sannan ya gwada zai ce ba ya aiki.

Wani lokacin tunanin ba ƙari a cikinsa: kuɗin haya ya zo, shago ya ƙone, miji ya daina cefane. A nan dabarar warware matsala ake bi. A jera matsalolin, a ware waɗanda ke da mafita, a ɗauki ɗaya tak, mai sauƙi. A fayyace ta sosai, "talauci" ya koma "kuɗin makarantar yara biyu kafin wata ya ƙare". A zubo duk mafitar da ta zo rai ba tare da tacewa ba, a zaɓi ɗaya ko biyu, a rubuta wa za a gani, wace rana, me za a ce, sannan a duba sakamako a zama na gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa wannan da numfashi, jadawalin aiki da ƙarfafa zumunci a wani tsari mai suna PM+, zama biyar na minti 90, da aka gwada a Pakistan da Kenya, wanda ba sai likita ne zai bayar ba. A Zimbabwe ma likita Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata su zauna a benci a harabar asibitoci suna yin irin wannan aiki da masu ciwon da Shonawa ke kira "yawan tunani", sunan da ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe.

Barci yana da nasa ƙa'idoji, kuma ba su da daɗi a makon farko. Lokacin tashi ɗaya kullum ko yaya daren ya kasance. Idan ka kwanta kamar minti 20 barci bai zo ba, tashi ka zauna wani wuri da haske kaɗan, ba waya, sai ka ji gyangyaɗi ka koma. Ƙailula kada ta wuce rabin awa. Goro, shayi mai kauri, kofi da lemon ƙarin kuzari a tsayar da su daga azahar.

Idan damuwar ta taso daga mu'amala ce, akwai hanyar da ke duban abu huɗu: rashi, saɓani da makusanci, sauyin matsayi kamar saki, ritaya, haihuwar fari ko zuwan abokiyar zama, da kaɗaici. A nan ana yawan gwada magana a ɗakin: ƙwararriya ta zama mijin, matar ta gwada yadda za ta faɗi buƙatarta, a gyara, a sake. Mai jego ta sani cewa kuka da sauyin rai a kwana na uku zuwa biyar abu ne da aka saba gani, yakan wuce cikin mako biyu. Wanda ya zarce haka shi ke buƙatar jinya.

Tabon tashin hankali yana son taka-tsantsan. Tara waɗanda abu ya rutsa da su washegari a ce kowa ya ba da labari dalla-dalla ba ya hana ciwon, har yana iya ƙara wa wasu, shi ya sa aka daina ba da shawararsa. A kwanakin farko tsaro, abinci, barci da dangi ake buƙata. Idan mafarkai, zabura da gudun duk abin da ke tuna lamarin suka ɗore, sai a fara aiki a tsare: a koya wa mutum yadda zai dawo da hankalinsa ɗakin da yake, ta ambaton abu biyar da yake gani da huɗu da yake taɓawa, sannan a bi labarin daki-daki bisa yardarsa, a sake bi har ya koma abin da ya wuce maimakon abin da ke faruwa yanzu. Makonnin farko na wannan mataki sukan yi nauyi, kuma a nan ne da yawa ke gudu, ana dab da samun sauƙi.

Mai shaye-shaye kuwa faɗa da gori ya sha su ya ƙoshi. Ƙwararre tambayarsa yake me ƙwayar ke masa, me ta ci masa, ina yake son ganin kansa nan da shekara biyu, har dalilin dainawa ya fito daga bakinsa. Daga nan a gano lokaci, wuri da abokan da ke jawo sha, a shirya wa kowanne madadi. Gargaɗi ɗaya: wanda ya daɗe yana shan giya ko ƙwayar barci irin su diyazefam kada ya yanke rana ɗaya, yana iya jawo jijjiga. Likita ne ke rage masa a hankali.

Magani da addu'a

A damuwa mai sauƙi zantawa kaɗai takan wadatar. A mai tsanani haɗa ta da magani ya fi. Magungunan damuwa irin su fuluwoksetin da amitiriftilin suna ɗaukar mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, alhali bushewar baki, tashin zuciya ko jiri tun makon farko suke zuwa. Wannan ne ke sa mutane jefar da su. Bayan an warke a ci gaba aƙalla wata shida, kuma da shawarar likita ake sauka.

Ba a ce ka zaɓa tsakanin asibiti da addu'a ba. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, yana aiki da masu maganin gargajiya, domin ya gane mutum ba ya warkewa a wajen al'ummarsa. Azkar, karatun Alƙur'ani da jam'i sukan shiga jadawalin jinyar ma. Iyakar ita ce duka, ɗauri da mari, hana abinci, da cewa a ajiye maganin asibiti. Duk inda aka kai nan, cutarwa ce, ko da wane suna aka kira ta.

Inda jinya ke lalacewa

Mako yana da awa 168, zaman awa ɗaya ne. Wanda bai yi aikin gida ba kamar wanda ya karɓi magani ya ajiye a aljihu ne. Idan ba ka yi ba, faɗi gaskiya, dalilin rashin yin shi kansa abin aiki ne. Na biyu, dainawa a zama na uku ko huɗu don an ɗan ji dama, tun dabarar ba ta zauna ba. Na uku, kunya irin tamu: a tambaye ka ya jiki ka ce "da sauƙi" don kada ka kunyata mai ƙoƙari a kanka. Wannan ladabi ne a zaure, amma a ɗakin jinya ɓatar da hanya ne. Idan an yi zama shida zuwa takwas maki bai motsa ba, a sake lale: ko ba a gano ciwon daidai ba, ko akwai abin da ake sha a ɓoye, ko ana dukan matar a gida, ko hanyar ce ba ta dace ba, ko jininku ne bai haɗu ba. Neman a canza maka ƙwararre ba rashin kunya ba ne. Idan kuɗin mota ko nisa ne cikas, faɗa tun farko, ana iya mayar da zama duk mako biyu ko a yi wasu ta waya.

Akwai kuma laifin da ba naka ba. Ƙwararren da ke cika zaman da labarin kansa, ko yake yanke maka hukunci ka saki ko ki fita, ko ya kai zancenka waje, ko ya nemi rance, kasuwanci ko soyayya, ko ya yi alƙawarin warkarwa cikin kwana bakwai, ka bar shi, ka kai ƙara ga shugaban sashen. Masu tallar kansu a intanet kuma ka tambayi inda suka yi karatu da asibitin da suka yi horo.

Abin da ba ya jiran ranar zama: mutum ya fara shirin kashe kansa ko yana sallama da rabon kayansa, mai jego ta rikice tana maganar da ba kai ko tana tsoron jaririnta, ko wani ya daina ci da sha. A kai shi sashen gaggawa a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe fiya-fiya, shinkafar ɓera, maganin feshi da tarin ƙwayoyi daga gidan.

Rufe jinya

Ana shirya ƙarshen tun saura zama biyu ko uku. A buɗe tazara, daga mako-mako zuwa mako biyu, zuwa wata, sannan zama ɗaya na dubawa bayan wata uku. Malamin garin Balkh da ke Afghanistan ta yau, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar larura. Kusan abin da ake yi a zama na ƙarshe ke nan: takarda ɗaya da za ka rubuta alamominka uku na farko idan ciwon zai dawo, misali farkawa ƙarfe uku na dare, ƙin ɗaga waya, fashin jam'i, dabara biyu da suka fi yi maka aiki, lokutan da ka san suna maka nauyi, kamar zagayowar ranar rashi ko ƙarshen shekarar haya, da sunan mutum biyu da za ka kira. A ƙasa ka sa lambar katinka na asibiti da ranar da sashen ke ganin marasa lafiya. Idan alamomin suka kai mako biyu duk da ka koma kan dabarun, ka ɗauki takardar ka koma.